Yadda ake haɗa inbatar moto don rage gudu da ƙara shi

Akwai wani mai gidan burodi da ya sayo injin kwaɓa fulawa na hannu. An sha wahala an sauke shi daga a-kori-kura, sai da aka zo haɗa wuta aka tarar moton tiri-fes ne, wato mai cin layin wuta uku, layin gidan kuwa singil-fes, mai layi ɗaya. Wanda ya yi masa wayarin ya ce babu makawa sai an canza moto. Da aka kira ni, na durƙusa na goge allon ƙarfen da ke jikin moton da bakin riga, na karanta, na ce, "Alhaji, a bar moton nan, inbata za ka saya." Har yau injin yana aiki, ya kuma sami abin da bai nema ba: ana fara kwaɓi a hankali, fulawa ba ta tashi ta baɗe yara, in ta haɗe sai a ƙara gudu.

Inbatar da nake nufi ba ta sola ba ce da ake haɗa wa batir a gida. Wannan ta sarrafa gudun moto ce, a jikin kwalinta za ka ga an rubuta VFD. Na haɗa irinta ba adadi a nan Kano, a wajen masu niƙa a Dakata, da ƙananan masana'antu a Sharaɗa da Bompai, da rijiyoyin burtsatse a cikin unguwanni. Zan yi bayani da ƙaramin moto mai kilowat 2.2, wanda ake cewa doki uku, don shi ne mai koyo ya fi cin karo da shi.

Kayan da za ka tanada

Inbatar da littafinta. Kada ka bar shago ba littafin, in babu shi ka ɗauki lambar samfurin ka sauke shi daga intanet, don kowane kamfani da yadda yake jera lambobin saitinsa. Na ABB daban, na Schneider daban, na Delta da INVT daban. Sai malti-mita, da mitar nan mai baki kamar ƙaguwa da ake maƙala wa waya a ga amfiya, da sukudireba babba da 'yar siririya, da filaya, da ƙananan sifanoni na akwatin moto. Sai bireka, da kebul mai waya huɗu na zuwa moto, da kawunan waya na matsewa, da akwatin ƙarfe mai wurin shan iska. In kana da mega ta gwada lafiyar naɗi, madalla. In babu, akwai dabara a gaba. Mafi yawan kayan nan ana samun su a shagunan kayan wuta na Sabon Gari.

Ɗan abin da ya kamata ka gane

Wutar da ake ba mu a Najeriya tana kai da komo sau 50 a sakan ɗaya, shi ne 50 Hz da kake gani a jikin kaya. Gudun moton tiri-fes a kan wannan kai da komon yake tafiya, tare da yawan fol ɗin da aka naɗa masa, wato kawunan maganaɗisun da naɗin wayarsa ke samarwa. Lissafin: 120 sau Hz, a raba da yawan fol. Mai fol 4 a kan 50 Hz zai ba da juyi 1500 a minti, in ya ɗauki kaya ya ɗan ja baya zuwa wajen 1430. Mai fol 2 kuwa 3000 ne, ya zauna wajen 2850. Fol ba ya canzuwa sai an sake naɗi, saboda haka Hz ɗin ake taɓawa. Ka ba mai fol 4 wuta mai 25 Hz, sai ya dawo wajen 750.

Inbata ita ke ƙera wannan wutar. Tana karɓar wutar layi, ta miƙar da ita ta zama DC irin ta batir, ta tara a cikin manyan kafasito, sannan wasu makunnai na lantarki da ake kira IGBT su riƙa yanka ta gunduwa-gunduwa sau dubbai a sakan, su fitar da fes uku a kan Hz ɗin da ka zaɓa. Wannan yankan ne siririn fiton da za ka ji moto yana yi, ba lalacewa ba ce. In ta rage Hz tana rage bolt tare da shi: moton bolt 230 a 50 Hz, in ya sauko 25 Hz wajen bolt 115 za ta ba shi. Da za a rage Hz a bar bolt yadda yake, naɗin zai zuƙi wuta ya ƙone. Ka ga ke nan sai ta san moton da take turawa, ita kuwa ba ta da ido. Abin da ka faɗa mata shi za ta yarda da shi.

Abu ɗaya da zai iya kashe ka: kafasiton nan suna riƙe wuta bayan an kashe bireka, wajen bolt 325 a ta singil-fes, wajen 560 a ta tiri-fes. Fuskarta ta mutu ba ya nufin cikinta ya huce. Ka jira minti goma, in akwai wuraren + da − ka auna, sai ka ga ya sauka ƙasa da bolt 30 kafin ka sa hannu.

1. Karanta allon moto

Ka ɗauki hotonsa da waya, ka kuma rubuta abu biyar a takarda: kilowat, bolt, amfiya, Hz, da juyi a minti. Namu na misali zai nuna kamar haka: 2.2 kW, 230/400 V, 8.7/5.0 A, 50 Hz, 1430. Lambobi biyun da ke wajen bolt da amfiya suna tafiya ne da yadda aka haɗa akwatin moto, na farko na delta mai alamar Δ, na biyu na sita mai alamar Y, bayaninsu yana mataki na 4.

In ka ga 400/690 V, wannan moton ba ya tafiya da inbata mai fitar da 230, sai ta tiri-fes. In kuma ka ga kafasito a goye a bayansa, moton singil-fes ne, ka ƙyale shi, inbata irin wannan ba tasa ba ce. Moton da ya zo daga Amurka sau da yawa 60 Hz ne. Babu laifi, inbata za ta iya ba shi 60 ɗinsa, wanda wutar layi ba za ta taɓa yi ba.

Motocin kwance da yawa allonsu ya cire, ko fenti ya cinye shi. Ka kai wa mai naɗin moto, zai faɗa maka fol da ƙiyasin dokinsa. Sai ka saka amfiyar da ta ɗan gaza ƙiyasin, ka riƙa lura da zafinsa a kwanakin farko.

2. Zaɓi inbata da amfiya, ba da doki ba

Mai shago zai tambaye ka doki nawa. Kai ka juya ta ka duba amfiyar da take fitarwa, ta kai ta moton ko ta zarce. Namu a delta yana cin 8.7, to mai fitar da 10 ta yi. Ni dai ga injin niƙa, da na kwaɓi, da duk abin da yake tashi da nauyi, nakan hau mataki ɗaya sama. Dalili na biyu shi ne zafin garin nan. Yawancin inbatoci an yi lissafin ƙarfinsu ne a kan zafin da bai wuce digiri 40 ba, a Afrilu kuwa inuwar Kano ma tana kaiwa nan, balle cikin shagon kwano da azahar.

Masu karɓar singil-fes su fitar da tiri-fes 230 galibi a kilowat 2.2 suke tsayawa. Akwai waɗanda ake tallar suna karɓar 220 su fitar da 380. Suna aiki, amma suna jan amfiya mai yawa daga layi, a unguwar da wuta ke zuwa da rauni kuwa wahala za ka saya.

In ta hannu ka saya kuma ta daɗe a ajiye, kada ka ɗora mata kaya nan take. Ka ba ta wuta ba tare da moto ba ta yi awa ɗaya ko biyu, kafasitonta su farfaɗo.

3. Gwada moton shi kaɗai

Cire ƙarafunan haɗi na cikin akwatin. Auna naɗi ukun da mita: U1 da U2, V1 da V2, W1 da W2. Su zo daidai da juna ko kusa ƙwarai. Sannan ka auna kowanne da gangar jikin moton. A mega kada ya gaza megohm 1, lafiyayye yakan wuce haka nesa. In ba ka da mega, sa mitarka a ma'aunin ohm mafi girma, in ta nuna wani abu tsakanin naɗi da jiki, moton ya koma wajen mai naɗi. Juya shaf da hannu ka saurari boris. Kada ka kuskura ka buga mega alhali wayoyin moto suna jikin inbata, nan take za ka kashe ta.

4. Sita ko delta

Nan ne masu koyo suka fi faɗuwa. A akwatin akwai kusoshi shida, uku sama uku ƙasa, da ƙarafunan haɗi uku. In an kwantar da ƙarafunan sun haɗe kusoshin layi ɗaya, W2 da U2 da V2, sita ke nan, moton yana jiran bolt 400. In an tsayar da su uku, kowanne ya haɗa na sama da na ƙasansa, delta ke nan, yana jiran 230.

Inbatar singil-fes 230 take fitarwa, saboda haka delta. Moton kuwa kusan kullum a sita za ka same shi, don a haka ya yi aiki a inda ya fito. In ka manta, zai tashi lafiya lau ba kaya, kowa ya yi murna, ana zuba ƙullu sai ya durƙushe, don kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa kawai yake bayarwa. Na taɓa zuwa inda aka mayar da inbata shago sau biyu ana cewa jabu ce, ashe ƙarafuna uku ne ba a juya ba. In kuwa inbatar tiri-fes 400 ce da wannan moton, a sita zai zauna.

5. Wurin kafawa

A tsaye, a jikin ƙarfe ko bango, ba katako ba. Ka bar mata kamar santimita 10 sama da ƙasa, don iska daga ƙasa take shiga ta fita ta sama. Nesa da rana, nesa da tanda, nesa da bakin injin da gari ke tashi. In za ka huda akwatin, ka cire ta ko ka rufe ta da leda, ɓurɓushin ƙarfe ɗaya ya isa. Ƙofofin iska ka sa musu raga, saboda tsaka da kyankyasai suna son ɗumin ciki, zanzaro ma na taɓa samun ya gina ɗakinsa a tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya ta.

6. Wayoyin wuta

Kashe wuta, ka auna ka tabbatar. Wutar layi ta bi ta bireka ta shiga inda aka rubuta L da N, ko R, S, T, ko L1, L2, L3. Moto kuma a U, V, W. Ka karanta haruffan da idonka sau biyu. Ina yaron shago na taɓa juya su, na kai wutar layi U, V, W. Ana ɗaga bireka sai ji muka yi tas, hayaƙi ya fito. Maigidana bai ɗaga murya ba, ya dai ce, "Kai, ka san kuɗin abin nan?" Da ma zagina ya yi.

Ga ta kilowat 2.2 singil-fes, shigarta tana jan sama da amfiya 20, don haka nakan sa waya mai milimita 4 da bireka 32, zuwa moto kuma 2.5, sai in littafin ya faɗi wani abu daban. Wayar at dole ce: daga sandar da aka kafa a ƙasa zuwa inbata, daga inbata zuwa jikin moto. In babu ita jikin injin zai riƙa ɗan jan mutane.

Tsakanin inbata da moto kada a sa komai: ba makunni, ba kwantakta da za a riƙa kashewa ana cikin gudu, ba kafasito. Kada kuma a mayar da bireka makunnin yau da kullum, yawan kashewa da kunnawa daga nan yana gajiyar da da'irar da ke cika kafasito.

7. Faɗa mata gaskiyar moton

Cire bel. Ba ta wuta, kada ka danna RUN tukuna. In ta hannu ce, fara da mayar da ita saitin kamfani, don ba ka san abin da mai ita na da ya cusa mata ba. Sannan buɗe littafin wajen bayanan moto ka shigar da abu biyar ɗin nan na takardarka. Tun da delta muka yi, bolt 230 da amfiya 8.7 za ka saka, ba 400 da 5.0 ba. Da wannan amfiyar take kare moton. In ka bar ta a kan lambar da ta zo da ita, moto zai iya dahuwa tana kallo.

Sai iyakar gudu. Ta sama ka bar ta a 50. Sama da nan bolt ya ƙare, gudu zai ƙaru amma ƙarfin murɗawa ya ragu, ga boris da fuli da ba a yi su don haka ba. Ta ƙasa nakan sa 20 ko 25, saboda fankar da ke sanyaya moto a wutsiyar shaf take, in gudu ya ragu iskarta ta ragu. In aikin yana son a daɗe a ƙaramin gudu, ko ka ɗaura wa moton fanka ta daban, ko ka canza girman fuli, wanda ya fi araha.

Sai lokacin tashi da na tsayawa. Moton da aka jona kai tsaye yakan fizgi ninki biyar zuwa bakwai na amfiyarsa a tashi, shi ne kake ganin ƙwan maƙwabta ya dushe. Inbata a hankali take ɗaga shi. Sakan 10 ya isa farawa, mai nauyi a ba shi 15 ko 20. Tsayawa ma haka, ko ka zaɓi ta sake shi ya tsaya don kansa.

Akwai saitin da ke sa ta tashi da kanta in an dawo da wuta. Ka kashe shi. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, yaro zai zura hannu yana kwashe ƙullu, a kawo wuta. Wannan ba na sassauci a kansa ko mai injin ya roƙa.

In tana da awon moto da kanta, littafin zai nuna lambar. Ka yi shi bel a cire.

8. Gwajin farko

Sa 10 Hz ka danna RUN. Duba inda yake juyawa. In baya yake yi, tsayar, kashe, jira minti goman nan, ka sauya biyu daga cikin U, V, W. Sauya wayoyin shiga ba ya canza komai, na ga masu yi suna mamaki. Ɗaga zuwa 25, sannan 50, kana kallon amfiya a fuskarta. Kada ka dogara da ƙaramar mita wajen auna bolt ɗin fita, yankakkiyar wutar nan tana ruɗa ta.

Sannan mayar da bel, a sa kaya kaɗan, a ƙara. Amfiya ta zauna ƙasa da ta allo. Bari ya yi rabin awa ka taɓa jikin moton da bayan hannu.

9. Makunni da abin murɗawa

Maɓallan fuskar inbata ba sa jure hannun mai ƙullu. Ka fitar da makunni waje. A ƙananan kusoshin za ka ga COM da FWD, wasu su rubuta DI1 ko S1. In makunni ya haɗa su, ta tashi. Na fi son maɓalli biyu, kore na tashi da ja na tsayawa, don in an ɗauke wuta sai an sake danna koren. Abin murɗawa irin na rediyo, galibi mai kilo-ohm 10, ƙafarsa ta tsakiya a AI1, na gefe a +10V da GND. Sai ka koma saiti ka gaya mata daga waje za ta riƙa karɓar umarni, in ba haka ba za ka yi ta murɗawa a banza. Wutar layi ba ta zuwa kan waɗannan kusoshin ko kusa, kuma siraran wayoyinsu kada su bi bututu ɗaya da kebul ɗin moto.

In famfo ne, ko janareta

A fanka da famfon ruwa mai juyawa ake samun ragin wuta na gaske: ka sauko daga 50 zuwa 40 Hz, cin wutar yana iya komawa kusan rabi. A injin niƙa kada ka yi wa kowa wannan alkawarin. A rijiyar burtsatse kuma da sauran magana, don a 40 Hz ƙarfin tura ruwa sama ya koma wajen kashi 64 cikin 100. In rijiyar tana da zurfi, sumo, famfon da ake zurawa cikin rijiyar, zai yi ta juyawa ruwa bai iso tanki ba. Masu ƙera sumo suna hana a gudanar da shi ƙasa da 30 Hz, kuma suna son ya kai 30 ɗin da sauri, don ruwa ne ke ɗauke boris ɗinsa. In kebul ɗin ya yi tsawo, ya haura mita 50, ka duba littafin, ƙila sai an sa cok, wato naɗin waya mai tausasa yankakkiyar wutar nan, a bakin fita; shi kam an yarda ya shiga tsakanin inbata da moto.

Janareta kuwa nakan nemi wanda ya ninka ƙarfin inbatar. A tsayar da moto kafin a juya layi.

In ta tsaya ta nuna haruffa

Rubutun yana ɗan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma ma'anar kusan ɗaya ce. OC amfiya ce ta yi tsalle: ƙara lokacin tashi, duba ko injin ya cije ko waya ta haɗe. OV ko OU yakan zo wajen tsayawa, moto mai nauyi yana mayar mata da wuta; ƙara lokacin tsayawa ko ka bar shi ya tsaya don kansa. UV ko LU wutar layi ce ta yi rauni, wannan da magariba za ka fi ganinsa. Auna bolt a bakin inbatar tana cikin aiki, in ya faɗi sosai ka duba kaurin wayar da ta taho daga fol ɗin wutar kan titi da wuraren da aka yi ɗori. OL kaya ne suka yi yawa, ko gudu ya yi ƙasa. Mafi munin abin da za ka yi shi ne ka ɗaga lambar amfiya don ta yi shiru.

OH zafi ne, kuma a Kano shi ne ciwon da ya fi yawa. Ƙurar hunturu takan haɗu da garin niƙa ta toshe ƙarfen sanyayawa kamar an shafa tuwo. Daga Disamba zuwa Fabrairu nakan ce a kashe ta duk mako, a jira ta huce, a hure ta da abin hura iska daga sama zuwa ƙasa, a kuma leƙa a ga 'yar fankarta tana juyawa. Fankar nan ita ke fara mutuwa, tana da araha, sukuru biyu ko maƙali ne kawai ke riƙe da ita.

Kafin ka tattara kayanka, rubuta duk lambobin da ka canza a takarda ka manna a cikin murfin akwatin, ka ɗauki hotonta. Sannan ka kulle saitin da lambar sirri, don yaran shago ba sa ganin maɓalli su ƙyale. A gidan burodin nan sai da na koma sau biyu a wata ɗaya ina mayar da iyakar gudu 50, wani ya kai ta 80 wai don a tashi aiki da wuri.